Ƙarfe nawa jirgin Tamale yake tashi?

Jama'ar Kanvili, da 'yan'uwa na Paga da Bawku, ku yi wa masu mulki wannan tambaya.

Jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sekondi a 1903. A 1923 aka haɗa Kumasi da Ankara. Tun daga nan an sha sauya lokutan tashin jirage, ana rage su, har jirgin fasinja ya daina zuwa Kumasin ma. Sunan Tamale bai taɓa shiga jadawalin ba.

A 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta kafa ma'aikata guda ta layin dogo, da minista da motocinsa. Suka ce dogo zai tashi daga Tema, ya ratsa arewa, ya wuce Paga har Wagadugu. Shekara takwas suka yi a kan mulki. Abin da aka shimfiɗa kilomita 97 ne, ya tsaya a Mpakadan, can bakin Volta. Jirgin da suka ce zai bi saman Ankara kuwa ya ci dala miliyan 2, ko ginshiƙi ɗaya ba a kafa ba.

Ku kuke biyan kuɗin wannan wasa. Tumatirin Paga yana ruɓewa a bayan babbar mota. Shanu suna isa kudu a galabaice, dillali ya karya farashi. A Maris na 2019, bas biyu suka yi karo kusa da Kintampo, fiye da mutum 50 suka rasu, da yawa 'yan arewa ne. Allah ya ji ƙansu.