Kuregen da ba ya cikin kaye

Iyaye da malamai, ga wata tambaya da na tabbata ba za ta fito a BEPC ba: wace dabba ce Paraxerus cooperi? Kurege ne, amma ba irin namu mai haƙa rami yana ɓarnar gyaɗa ba. Wannan a kan itatuwa yake zaune, cikin dazuzzukan ruwan sama na tsaunukan yammacin Kamaru da gefen iyakar Najeriya. Sai a 1950 masana suka ba shi suna. Har yau ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta ajiye shi cikin jerin dabbobin da bayanansu ba su isa a yanke musu hukunci ba. Ana sare dajinsa don noma, ana cinna masa wuta don kiwo, amma babu wanda ya ƙirga kuregen, balle ya ce yana ƙaruwa ko yana ƙarewa.

Na san amsar wasu: ina ruwan ɗan Maraɗi da kuregen Kamaru, ga tsadar hatsi, ga aji cike maƙil? Ni kuwa na ce ruwanmu ne, domin ciwon da ya bar shi cikin duhu shi ne ciwon lakwal ɗinmu. Muna koyar da SVT kamar karatun haddar ƙa'ida: mushe ya rubuta a allo, yaro ya kwafa a kaye, ya zuba ranar jarrabawa, ya manta. Ɗalibin da zai zana maka sassan zuciya bai taɓa zama minti goma yana kallon kuregen gonar ubansa ba. Ya san shi a tatsuniya yana yi wa kura wayo, amma bai san yaushe yake haihuwa ba, ko ƴaƴa nawa. Daga irin wannan aji ina za a samu mai hawa dutsen Oku, mita 3,011, ya yi ƙirgar?

Mu kalli gida. A 1996 raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, ba su wuce 50 ba. An ƙirga su, an san kowane da zanen jikinsa, an yi aiki tare da manoman yankin. Yau sun haura 600. Abin da aka ƙirga shi ake iya tsarewa. Wanda ba a ƙirga ba, ko ya ɓace babu mai yi masa ta'aziyya.

Don haka malam, ka fitar da ajinka sau ɗaya a wata, ko da bayan katangar lakwal ne. Kowane yaro ya zaɓi dabba ɗaya ko itace ɗaya, ya rubuta ranar da ya gani, da wurin, da adadin. Ba ya buƙatar kwamfuta ko kuɗin gwamnati, kaye da biro sun isa. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya tsaya yana kallon tsuntsu, ku daina ce masa shashasha. Ku tambaye shi me ya gani, sannan ku saurara.