Littafin Bashinka Yana Wuri Nawa?



A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta taso daga ƙasar Yukiren, ta afka wa kwamfutocin Maersk, kamfanin jiragen ruwan nan na ƙasar Denmak mai dakon kwantenoni, wanda reshensa ke aiki har a tashar Apapa. Kafin a ankara dubban kwamfutoci sun mutu. Da injiniyoyi suka tashi gyara, sai suka tarar manyan kwamfutocin da ke riƙe da izinin shiga tsarin kamfanin duk sun tafi tare, domin a haɗe suke, kowace tana kwafar 'yar'uwarta. Guda ɗaya tak ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso. Faifanta aka ciro, aka bi da shi ta Najeriya zuwa Ingila, da shi aka sake tada kamfanin. Duk da haka asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

To, mu dawo gida. Mai shagon magani, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, akawun makarantar kuɗi: da yawansu yanzu lissafin kaya, sunayen masu bashi, rasidai da albashi duk suna cikin kwamfuta ɗaya. Ita kuwa a ƙasar nan maƙiyanta ba su da iyaka. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone ta, ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, zafin bazara ya gasa ta, ɓarawo ya saɓa ta a kafaɗa. Ko ba ɗaya daga ciki, faifan ajiya tsufa yake yi. Wani zai ce ai yana kwafa a filash. Madalla, amma ina filash ɗin yake kwana? A durowar teburin da kwamfutar ke kai. Gobarar da ta lashe dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba ta bar durowa ba. Kaya ana iya sake sarowa. Bashin da babu shaidarsa kuwa sai wanda ya ji tsoron Allah ya biya.

Nan rumbun ajiya na intanet yake da rana. Kana tura kwafin takardunka zuwa kwamfutocin wani kamfani da ke nesa, abin da ya sami shagonka ba ya isa can. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, OneDrive giga 5, kuma lissafin ƙaramin shago na shekaru ba zai cika wannan ba. Data ɗin da zai ci bai kai na kallon bidiyon dare guda ba.

Sai dai kada a miƙe ƙafa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, kuma wasu da ba su da kwafi a wani wurin sun rasa bayanansu har abada. Shi ya sa masana ke cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a nesa. Sannan idan ka saita kwamfuta tana daidaita kanta da rumbun, abin da yaron shago ya goge a nan zai gogu a can. Google Drive kwana 30 yake riƙe abin da aka jefa a kwandon shara, daga nan shi ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne mai shago ya bar wa mai gyaran kwamfuta ko yaronsa buɗe asusun rumbun da lambar wayarsu. Ranar da aka rabu, makullin dukiyarka yana aljihun wani.

Alhaji, Hajiya, ku buɗe asusun da lambarku, ku sa kalmar sirri mai ƙarfi, ku kunna tabbatarwa ta lambar da ake turowa a waya. Kafin Juma'ar nan, ku ɗauki wata wayar ku gwada buɗe littafin bashin daga rumbun, ku gani da idonku ko yana nan.