Ƙofar Magamar Jibiya: Wa Ake Kulle Wa Idan An Rufe Iyaka?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwana masu karatu, tun daga ranar 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, masana harkar tsaro suka cika mana kunne da sharhi. Wannan ya ce rikicin Faransa da Rasha ne, wancan ya kawo zancen ma'adinin yuraniyom na Arlit, wani kuma ya tsaya a kan sansanin jiragen Amurka da ke Agadas. Duk waɗannan batutuwa ne na gaske, kuma sun yi tasiri: sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disamba 2023, na Amurka suka bi bayansu a 2024. To amma yau ina so in sauko da maganar daga manyan biranen duniya zuwa wani shinge guda da ke Magamar Jibiya, kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, inda in ka ƙetare sai Ɗan Isa. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne duk ranar da aka kulle wannan ƙofa, hukuma kunnenta take toshewa, ɗan bindiga kuwa hanyarsa na nan a buɗe.

Asalin layin

Yana da kyau matashi ya san yadda aka yi wannan layi ya samu. Ingila da Faransa ne suka zana shi a kan takarda, cikin yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan jami'ansu suka bi ƙasa suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Kafin zuwansu, Maraɗi gari ne da zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fitar da su daga birnin Katsina a 1807. Shi ya sa har gobe ake kiran sarkin can da Sarkin Katsinan Maraɗi. Ko ruwa ma bai san da layin ba. Kogin da aka yi wa madatsa a Jibiya shi ne ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya zagayo ya sake komowa Najeriya ya faɗa kogin Rima a ƙasar Sakkwato.

Tsawon iyakar ƙasashen biyu ya kai kimanin kilomita 1,500, ta shafi jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. A yankin Jibiya babu teku babu tsauni, gonaki ne da fako da dazuzzuka. Manomi na iya kwana a Najeriya gonarsa na Nijar. Dajin Rugu na kudu da Jibiya, dajin Baban Rafi na ɓangaren Madarunfa a jihar Maraɗi, kuma mai babur da ya san labi da burtali ba ya buƙatar tambarin fasfo kafin ya tashi daga wancan ya shiga wannan. Ƙofa a irin wannan wuri tana tsare wanda ya zaɓi bi ta ƙofa ne kaɗai, wato ɗan kasuwa, da mai zuwa biki, da mai kai maras lafiya asibiti.

An gwada, mun ga sakamako

Ba hasashe nake yi ba, domin sau biyu aka gwada wannan magani a 'yan shekarun nan. A Agusta 2019 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, da nufin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, amma Jibiya ta zauna a kulle har Afrilu 2022. To mai karatu ya tambayi kansa, shin a cikin waɗannan watanni talatin da wani abu bindiga ta yi ƙaranci a dajin Katsina? Ranar 11 ga Disamba 2020, iyaka na garƙame, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 abin ya ƙazanta har gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Jibiya na cikinsu. A shekarun nan ne dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, kuma ƙauyawan can suka karɓe su hannu bibbiyu.

Karo na biyu shi ne bayan juyin mulki. Ranar 30 ga Yuli 2023 ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a Abuja, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, har aka yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Allah Ya saka wa waɗanda suka shiga tsakani da alheri: Majalisar Dattawa da ta ƙi goyon bayan yaƙi, da Janar Abdulsalami Abubakar tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, da Muhammadu Sanusi II, da ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau da suka je Yamai a watan Agusta. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. Bazoum bai koma kujerarsa ba. Abin da aka samu shi ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a Satumba 2023, suka kuma kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025.

Yadda rufewa ke toshe kunne

A nan ne nake so mu ɗan tsaya, domin nan gizo ke saƙar. Mutane da yawa in an ce leƙen asiri sai su hango tauraron ɗan'adam da jirgi maras matuƙi da na'urar sauraron waya. Waɗannan na da amfani, amma a ƙasa irin tamu yawancin labarin da ke ceton rai daga bakin mutane yake fitowa. Mai sayar da burodi ya san ranar da aka sayi abin da ya fi ƙarfin ƙauyen. Ɗan bumburutu ya san wanda ya zo da jarkoki goma da tsakar dare. Dillalin kara ya san saniyar da aka kawo da farashin da bai dace da ita ba. Ɗan acaɓa ya san baƙuwar fuska. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma da shi akan tsare shi.

A tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai darasi a kan wannan. Kafin yaƙin Badar an kama masu ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa, ba su san adadin rundunarsu ba, sai ya tambaye su raƙuma nawa ake yankawa kullum. Da suka ce tara ko goma, ya ƙiyasta mutanen tsakanin 900 da 1,000, kuma haka abin yake. Haka nan ƙabilar Khuza'a, Musulminsu da wanda bai musulunta ba, sun kasance masu kawo masa labarin abin da ake ƙullawa a Makka, saboda amanar da ke tsakani. Labari daga ƙaramin mutum, da hankalin da zai auna shi, da maƙwabcin da ya yarda da kai: a kan waɗannan uku aikin ya ginu tun wancan zamani.

Yanzu dubi abin da rufe iyaka ke yi wa ukun nan. Ranar da aka kulle Magama, cinikin gero da wake da dabbobi ba ya tsayawa, domin ciki ba ya jiran umarnin gwamnati. Komawa yake yi ɓarauniyar hanya. Dattijon da ya shekara talatin yana biyan kuɗin fito a fili ya wayi gari yana neman yaron da zai ratsa da shi daji. Matashin da ke dako a tasha ya koma ɗan sumoga. Hanyar da buhun shinkafa ya bi da daddare ita harsashi zai bi, kuma yawan masu bin ta shi ke ɓoye mugu a cikinsu. Mafi muni, wanda ya zama mai laifi a idon doka saboda abincin iyalinsa ba zai taɓa zuwa wurin jami'i ya ce na ga wasu mutane da bindigogi a wuri kaza ba, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce, kai me ya kai ka can? Da haka gari guda ke yin shiru. Idan aka haɗa da yawan shingayen kan hanya, waɗanda direbobi suka daɗe suna kuka da su, sai talaka ya riƙa ganin mai kaki a matsayin wanda ake ɓoye wa abu.

A sama ma haka abin yake. A Satumba 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi suka zauna da gwamnan jihar a kan tsaron iyaka, kuma dakarun ƙasashen biyu sun yi sintiri tare. Bayan takunkumin 2023 wannan zumunci ya yi sanyi. A Nuwamba 2024, da rundunar tsaron Najeriya ta bayyana ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ita da kanta ta danganta shigowarsu da tsinkewar haɗin gwiwa da Nijar bayan juyin mulki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Adalci ga kowane ɓangare

Na san wani zai ce, to a bar iyaka sake ke nan? Ko kusa. Makamai na shigowa da gaske, musamman tun bayan rushewar Libiya a 2011, kuma kowace ƙasa na da haƙƙin sanin mai shiga da mai fita, da kare manomanta. Abin da nake cewa shi ne ƙofa buɗaɗɗiya mai rajista da bincike na gaskiya ta fi kullalliya tsaro, domin tana rarrabe mai gaskiya da mugu. Idan mutum ɗari suka bi ta Magama a fili, wanda aka gani a daji da tsakar dare ya zama abin tuhuma. Idan duk ɗarin suna daji, wa za ka tuhuma?

Haka kuma laifin bai tsaya a Abuja ba. Ranar 25 ga Disamba 2024 Janar Abdurrahman Tiani ya yi hira da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don tayar da fitina a Nijar. Malam Nuhu Ribaɗu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya musanta, shi ma da Hausa. Wannan ya faru ne watanni huɗu bayan Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaro na lokacin, ya je Yamai an sa hannu kan takardar fahimtar juna. A Maris 2025 kuma Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Zargi mai nauyi irin wannan wurinsa teburin bincike, inda za a baje hujja. Idan aka kai shi gidan talabijin, jami'in da ke Ɗan Isa zai ji tsoron kiran takwaransa na Magama, kada a ce masa ɗan leƙen asirin maƙiya. Wanda ya ci ribar wannan tsoro yana cikin daji.

Abin da nake gani mafita

Na farko, a cire iyaka daga jerin makaman siyasa. Shugabanni su yi saɓaninsu, amma kada a sake hukunta Jibiya da Ɗan Isa a kan abin da aka yi a Yamai ko Abuja. Na biyu, a raya Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, a kuma mayar da zaman gwamnoni da hakimai da jami'an tsaron ɓangarorin biyu abu na yau da kullum, ko ana shiri a sama ko ba a yi. Wannan ya ƙara zama wajibi ganin al'ummar Jibiya sun yi sulhu da 'yan bindiga a farkon 2025. Sulhun da maƙwabci bai san sharuɗɗansa ba na iya zama kora ɓarna daga gonarka zuwa tasa. Na uku, a kare mai kawo rahoto, domin duk wanda ya ga an kashe wani saboda ya yi magana, ya rufe bakinsa har abada. Na huɗu, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 kuma aka tsara ya ratsa ta Jibiya, a dube shi da idon tsaro, domin kayan da ke cikin tarago an san mai su, an san inda za su.

Mu kuma matasa masu riƙe da waya, akwai namu kason. Tun 2023 Facebook da WhatsApp da TikTok suka cika da hotuna da muryoyi: ga sansanin Faransa a wuri kaza, ga sojoji sun ƙetaro, ga wane ya ci amana. Manyan ƙasashe da masu mulki duk sun san darajar yatsanka, kuma yaɗa ji-ta-ji-ta wani reshe ne na yaƙi. Suratul Hujurati ta koya mana tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Kafin ka tura, tambayi kanka wa ya faɗa, yaushe aka ɗauki hoton, wa zai amfana idan Bakatsine ya tsani Bamaraɗe. Kuma ka kiyayi zagin mutanen ƙasa guda saboda shugabansu, domin ta yiwu kakarka daga can aka auro ta.

Allah Ya zaunar da Najeriya da Nijar lafiya, Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya ba shugabanninmu ikon sauraron talakawansu. Wanda ke da wata fahimta daban, musamman 'yan'uwanmu mazauna Jibiya da Maraɗi, ina maraba da ita.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.