Aikin Gida na Fiziks da Ƙalubalen da ke Gaban Ɗaliban Hausa

A hutun da ya wuce, na tarar da ƙanena ɗan sakandare ya tasa littafin fiziks gaba a gidanmu da ke Mubi, ya yi tagumi. An ba su aikin gida: an cilla ƙwallo a miƙe daga saman bene mai tsayin mita 20, da saurin mita 15 a sakan guda, to a wane nisa za ta faɗi? Ya ce mini, "Yaya, na haddace ƙa'idojin, amma ban san wadda zan ɗauka ba."

Ni Gude na tashi da shi, Hausa a makaranta da kasuwa na tsince ta, amma da ita muka warware matsalar. Na ɗora tsakuwa biyu a bakin tebur, na ture ɗaya, na ɗalli ɗayar ta yi gaba, sai ga su sun dira tare. Gani ya kori ji. Nan ya gane cewa abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci guda, ta gaba da ta ƙasa, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Galileo, masanin nan na Italiya, ya bayyana haka tun 1638.

Daga nan lissafi ya zo da sauƙi. Saurin faɗuwa yana ƙaruwa da kimanin mita 10 kowane sakan. Ƙwallo za ta sauko mita 5 a sakan na farko, mita 15 a na biyu, ashirin ke nan cif. Tun da sakan biyu ta yi a sama, 15 sau 2, amsa mita 30.

To ina ruwanmu da wannan, mu ɗaliban harshe? Ruwanmu kuwa babba. A wurare uku na yi tuntuɓe. Gudu, sauri da hanzari duk ɗaya muke ɗaukar su, alhali fiziks ya bambanta sauri da ƙaruwar sauri. Ƙarfin da ke janyo abu ƙasa wasu na kiran sa maganaɗisun ƙasa, sai yaro ya zaci ƙarfe kaɗai yake ja. Daƙiƙa kuma wani ya ce sakan ce, wani ya ce minti.

Wasu za su ce ai da Turanci ake rubuta jarrabawar WAEC. Gaskiya ne, kuma a Nuwamba 2025 gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyarwa da harshen gida na 2022. Sai dai fahimta ce ke gaba, amsa ta biyo baya. Shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da lissafi da kimiyya da Yarabanci, kuma yaran ba su gaza a Turanci ba.

Magabatanmu sun yi nasu. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Saura mu. Shawarata ita ce mu zauna da 'yan'uwanmu na sashen fiziks, mu ɗauki babi guda, mu tsayar wa kowace kalma ma'ana ɗaya, sannan mu gwada a kan yaran sakandare. Wanda zai rubuta kundin kammala digiri, ga batu nan yana jira.