Wa Ya Ba Ku Mudun Auna Kiristancinmu?



Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Mun yi ta haɗiye ta don neman zaman lafiya, amma yanzu shirun ya soma zama laifi, domin 'ya'yanmu sun fara tambayarmu ko su su wane ne. Mu Hausawa da Fulani da Barebari masu bin Almasihu muna cikin halin gaba kura baya sayaki. A kasuwa da ofis ana ce mana wanda ya zama Kirista ya fita daga Hausa. A ƙofar majami'a kuma ana nuna mana cewa wanda ya ci gaba da zama Bahaushe bai gama shiga Kiristanci ba. Dukan maganganun biyu ƙarya ne, kuma za mu amsa su ɗaya bayan ɗaya. Amma ta biyun ta fi yi mana ciwo, don daga cikin gida take fitowa.

Ga masu cewa Bahaushe ba ya zama Kirista

Hausa harshe ne da ƙasa da asali. Tarihin Kano kansa ya nuna cewa Wangarawa ne suka kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Kafin wannan lokaci Barbushe da mutanensa suna gindin Dala, da wane harshe suke magana? Maguzawan da suka riƙe al'adun kakanni har zamaninmu, waɗanda da yawa daga cikinmu 'ya'yansu ne da jikokinsu, wa ya taɓa cewa ba Hausawa ba ne? In mutum yana bautar iskoki Bahaushe ne, me zai sa ranar da ya karɓi Almasihu ya zama baƙo a gonar ubansa?

Kuma ba jiya muka zo ba. Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya je Ingila tare da matafiyin nan Barth a 1855, shi ne ya taimaka wa Fasto Schön da harshen da aka juya Bisharar Matiyu cikinsa a 1857. A cikin ƙarni na 19 aka kashe Malam Ibrahim a Kano saboda girman da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. Almajiransa, da ake kira Isawa, suka watsu, har a 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila a Zariya, suka kafa zangon Kirista a Gimi. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga Wusasa aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da yaran Musulmi da na Kirista suka karanta a makaranta, shi ma ɗan Wusasa ne. Duk wanda ya ce waɗannan ba 'yan Arewa ba ne, sai ya faɗa mana ko 'yan ina ne.

Dokar ƙasa ma ba ta goyi bayan wannan magana ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin addini, har da 'yancin sake addini. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa. Saboda haka ma'aikacin da ya dubi sunan yaro, ya ga Bulus ko Rifkatu, ya hana shi takardar shaidar asalin ƙaramar hukumar da aka binne kakanninsa, ya taka doka. Kada mu karɓi wannan kamar ƙaddara. A rubuta koke, a kai shi inda ya dace, a bi sawunsa cikin ladabi da naci.

Ga masu auna mu a cikin gida

To, yanzu mu juyo gida, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai mudu huɗu da waɗansu 'yan'uwa suka ƙera da hannunsu suna auna mu da su.

Na farko suna. Mutum ya tuba, sunansa Abdullahi ko Usman ko Hadiza, sai a ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya ɗauki sunan Turawa. Ina aka rubuta haka? Afolos, mai wa'azin nan da Bulus ya yaba, sunansa daga sunan gunkin Helenawa ya samo asali, manzanni ba su sake masa suna ba. Abdullahi ma'anarsa bawan Allah, wane Kirista ne zai ji kunyar wannan? A watan Janairu na 2020 'yan Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika, bayan sun kama shi ya tsaya kan bangaskiyarsa. Sunansa Lawan. Masu mudun suna su gaya mana ko jininsa ya cika mudun nasu.

Na biyu sutura. Tun hare-haren da aka kai wa masu sujada, irin na Madalla ranar Kirsimeti ta 2011 da na Jami'ar Bayero a 2012, ikkilisiyoyi suka sa masu tsaro a ƙofa. Wannan daidai ne, ba mu ƙi ba. Abin da muka ƙi shi ne a bar mai kwat ya wuce, a tare mai babbar riga da hula ana yi masa tambayoyi a gaban matarsa da 'ya'yansa, ko a ce wa mace ta cire mayafinta don ta yi kama da Kirista. In bincike ne, a binciki kowa, har da fasto. Dattijon da ya sha jifa a ƙauyensu saboda sunan Yesu bai cancanci ya zo birni a mai da shi abin zargi a gidan Ubansa ba.

Na uku harshe. Akwai masu koyar da cewa Kirista na gaske ba ya cewa Allah. Kiristocin Masar da Labanan da Siriya da wannan kalma suke addu'a, ita ce a cikin Littafi Mai Tsarki na Larabci, ita ce kuma a cikin namu na Hausa tun fassarar farko. A ranar Fentikos, Ayyukan Manzanni sura 2 ta lissafta Larabawa cikin waɗanda suka ji bishara da harshensu. Da wace kalma suka ji ta? Iyayenmu da wannan kalma suka tuba, da ita aka yi musu baftisma a rafi, da ita a bakinsu suka mutu. Wanda ya zo yau ya ce su duka sun ɓata, ya ɗauki kayan da wuyansa ba zai iya ba. Haka kuma al'adar da ta sa a tura sujadar Hausa zuwa ɗakin ajiya ko lokacin da rana ta take, a ce sujadar Turanci ita ce ta wayayyu, wannan ma mudu ne, ko da ba a faɗa da baki ba.

Na huɗu ɗarika. Wannan ya ce wanda bai yi magana da harsuna ba bai karɓi Ruhu ba. Wancan ya ce baftismar yayyafi ba baftisma ba ce. Wani ya hana 'yarsa auren saurayi mai tsoron Allah don ba majami'arsu ɗaya ba. A ƙauyen da Kiristoci ba su kai gida ashirin ba, sai ka tarar da majami'u uku, kowace tana cewa sauran ba su san hanya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan cuta tsohuwa ce

A Ayyukan Manzanni sura 15 waɗansu suka tashi daga Yahudiya suka je Antakiya suna cewa Al'ummai ba za su sami ceto ba sai an yi musu kaciya, wato sai sun zama Yahudawa tukuna. Manzanni da dattawa suka taru a Urushalima suka ƙi wannan koyarwa. A Galatiyawa sura 2, da Bitrus kansa ya janye daga cin abinci da Al'ummai don tsoron masu ra'ayin kaciya, Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Ba a tilasta wa Baheleni ya zama Bayahude ba. Don me za a tilasta wa Bahaushe ya zama Bature ko ɗan wata ƙabila kafin a kira shi ɗan'uwa?

Tarihin ikkilisiya a nahiyarmu ma ya ba mu darasi. A shekara ta 303 Sarkin Rum Diyokiletiya ya ba da umarni a rushe majami'u a ƙone littattafai masu tsarki, waɗansu shugabanni suka miƙa nasu don tsoro. Da tsananin ya wuce, wani ɓangare a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, waɗanda aka sani da mabiyan Donatus, suka ce su kaɗai ne tsarkakakku, har suna sake yi wa mutane baftisma. Rabuwar ta wuce shekara ɗari, gari ɗaya bishop biyu. Agustin na Hippo ya yi ta tuna musu da misalin alkama da ciyawa na Matiyu sura 13, inda mai gona ya hana barorinsa tumɓuke ciyawar kafin kaka, don kada su haɗa da alkamar. Muna da irin wannan gwaji a yau. Akwai 'yan'uwan da tsoro ya sa suka ɓoye bangaskiyarsu a wurin aiki, ko suka yi shiru a gaban dangi. Aikinmu mu ƙarfafa su. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, Ubangiji ya komo da shi ya ba shi kiwon tumaki.

Mu dubi maƙwabtanmu kuma mu ɗauki izina. Da aka fara kafirta juna a tsakaninsu, da baki aka fara. Ƙarshenta, a watan Nuwamba na 2014 aka tayar da bama-bamai a Babban Masallacin Kano ranar Juma'a, aka kashe Musulmi masu yawa a wurin ibada. Duk inda mutum ya naɗa kansa alƙalin imanin wani, can hanyar take nufa. Saboda haka muna gargaɗin masu hawa bagade suna cewa Musulmi na gaske shi ne mai kisa. A watan Yuni na 2018, a Nghar Yelwa ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban mahara ya ƙi miƙa su. Wa ya ba mu ikon cewa shi ba Musulmi na gaske ba ne? Kakanninmu da baffanninmu da yawa Musulmi ne, mun san su, sun san mu. Bambancin bangaskiyarmu da tasu a fili yake, ba za mu ɓoye shi ba, ba kuwa za mu daina shaida ba. Amma yi wa maƙwabci shaidar zur zunubi ne ko wane ne maƙwabcin.

To, babu ma'auni ke nan?

Akwai, sai dai Ubangiji ne ya ajiye shi. Romawa 10:9 ta ɗora ceto kan shaida Yesu da baki da gaskatawa da tashinsa a zuciya. Matiyu sura 7 ta ce da 'ya'yan itace ake gane itace, kuma kiran sunan Ubangiji da baki kaɗai bai isa ba. Yohanna 13:35 ta sa ƙaunar juna ta zama alamar almajiri. Wannan ma'auni ya fi na suna da riga nauyi nesa ba kusa ba, kuma a kanmu yake farawa. Dattijon da ke rera waƙa ran Lahadi, ran Litinin yana gindin boka da laya a ƙugu. Ma'ajin da ke taɓa kuɗin baiko. Mai gidan da ke dukan matarsa. Wanda ya sayar da hatsin iyalinsa ya kai gidan burkutu, ko sunansa ya cika shafi da sunayen manzanni, shi ne ya kamata dattawa su zauna da shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da muke roƙon dattawa

1. A daina sa sauya suna cikin sharuɗan baftisma. Wanda ya so sabon suna don kansa, a bar shi. Wanda ya riƙe na iyayensa, a karɓe shi.

2. A sa wa koyarwar sabbin tuba iyakar lokaci sananne, kada a bar mutum shekara da shekaru a bakin ƙofa don ana tsoron ɗan leƙen asiri ne. Almajiran Urushalima ma sun ji tsoron Shawulu, sai da Barnaba ya riƙe hannunsa ya kai shi gaban manzanni. Kowace ikkilisiya ta naɗa nata Barnaba, dattijo ko uwa daga zumuntar mata, wanda zai san sabon tuba, ya san inda yake kwana da abin da yake ci, domin da yawansu dangi sun kore su.

3. Binciken ƙofa ya zama ɗaya ga kowa.

4. A ba sujadar Hausa lokaci da wuri na mutunci, a koya wa yara karanta Littafi Mai Tsarki da harshen iyayensu.

5. Fastocin ɗariku dabam-dabam da ke gari ɗaya su riƙa zama tare, su daina zagin juna a kan bagade, su daina kwasar tumakin juna.

'Yan'uwa, a Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, ikkilisiyar da ta haɗa Yahudawa da Helenawa da mutanen Afirka a tabarma ɗaya. Mu Hausawa ne, mu na Almasihu ne, ba mu bukatar iznin kowa kafin mu zama ko ɗaya daga cikin biyun. Wanda ya saye mu da jininsa ya san nasa. Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya haɗa kanmu, ya kiyaye ƙananan garkensa a duk inda suke. Amin.