Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A ƙasar Amurka babu zancen da ya fi cika bakin masu sha'awar wasanni a 'yan shekarun nan kamar wannan: shin ya dace jami'a ta biya ɗalibinta kuɗi don ya yi mata wasa? Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwanmu da rigimar mutanen bayan teku. Ruwanmu kuwa shi ne mu ma ɗalibai ne, kuma gindin rigimar ya shafi kowace jami'a, watau mene ne haƙƙin ɗalibi a kan makarantarsa.

Sai an san girman dukiyar kafin a gane zafin gardamar. Filin ƙwallo na Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. A 2010 ƙungiyar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i tun 1906, ta sayar wa kamfanonin talabijin na CBS da Turner izinin nuna gasar ƙwallon kwando ta watan Maris a kan dala biliyan 10.8 na tsawon shekara 14. Nick Saban, mai horar da 'yan ƙwallon Jami'ar Alabama, ya kai ga karɓar fiye da dala miliyan 11 a shekara kafin ya yi ritaya a 2024. Su kuwa samarin da ake kakkaryawa a fili, shekara da shekaru ladansu bai wuce kuɗin makaranta da ɗaki da abinci ba.

An kafa wannan tsari ne a kan da'awar cewa ɗan wasan jami'a ɗalibi ne mai wasa don sha'awa, saboda haka ba ma'aikaci ba ne. A 1955 wani ɗalibi mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon rauni a ka da ya samu yana yi wa kwalejinsa wasa a Jihar Kwalarado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikata, kotu ta hana ta. Haka kuma Reggie Bush, wanda ya ci kambin Heisman a 2005, tilas ya mayar da shi a 2010 saboda an same shi da iyalinsa sun karɓi kyauta daga dillalai. Sai a 2024 aka mayar masa da abinsa.

Masu goyon bayan tsohon tsari suna cewa ai karatu kyauta ma lada ne mai tsoka, ga dubban ɗalibai suna cin bashi kafin su samu. Wannan gaskiya ne, amma bai isa hujja ba. Ɗalibin da ke koyon kiɗa yana iya zuwa biki ya yi sana'arsa a biya shi, ba mai kore shi daga makaranta. Don me za a ware ɗan ƙwallo kaɗai? Bugu da ƙari, yaron da ya ƙware a wasan besbol yana iya sa hannu da ƙungiyar ƙwararru da zarar ya gama sakandare, amma NFL ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya shekara 3 da gamawa, NBA kuma sai ya kai shekara 19. Ashe ɗan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka kusan ba shi da wata ƙofa sai ta jami'a, kuma wanda ya tsare ƙofa ɗaya tilo bai kamata ya yanke wa mai wucewa lada yadda ya ga dama ba.

Kotuna ne suka karya lagon tsarin. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na UCLA, ya ga an sa kamanninsa a wasan kwamfuta ba da izininsa ba, ya kai ƙara a 2009, ya yi nasara a 2014. A 2021 alƙalai 9 na Kotun Ƙoli suka haɗu baki ɗaya suka ka da NCAA a shari'ar Alston, a Yulin shekarar kuma aka yarda ɗan wasa ya yi talla da sunansa da hotonsa. A Yunin 2025 Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya tanadi kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

A ganina wannan adalci ne, sai dai ya makara. Amma fa kada garin neman gira a rasa ido. A 2024, saboda kuɗin talabijin, jami'o'i huɗu na yammacin ƙasar, ciki har da UCLA, suka koma rukunin Big Ten. Yanzu ɗalibi zai tashi daga Los Anjalas ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa Jami'ar Rutgers don wasa ɗaya. Yaushe zai zauna a aji? Alhali kuwa ƙididdigar NCAA da kanta ta nuna waɗanda ke kaiwa ga NFL ko NBA ba su kai 2 cikin 100 ba. Sauran, digiri ne kaɗai jarinsu bayan an daina yi musu tafi.

Saboda haka albashi kaɗai bai wadatar ba. Lalle ne a rubuta a yarjejeniya cewa wanda ya karye a fili ba zai rasa gurbin karatunsa ba har ya gama, jami'a kuma ta ɗauki nauyin jinyarsa ko bayan ya bar ta. Wajibi ne a tsara wasanni yadda ba za su cinye lokacin darasi ba, kuma a zauna da wakilan 'yan wasa kafin a yanke hukunci a kansu, kamar yadda ƙungiyoyin ƙwararru ke yi da nasu. Jami'ar da ta iya lissafin kuɗin talabijin har na shekara 14 ba ta da uzurin kasa tanadin shekara 4 na karatun yaron da ya jawo mata su. Allah Ya sa masu iko su gane.