Makarantun Likitancinmu da Bin Sawun Annoba

Ko da yake jama'a sun fi ganin girman likitan da ke ɗakin tiyata, wannan jarida tana ganin cewa a makarantun likitancinmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri babu sashen da ya cancanci kulawa irin sashen lafiyar al'umma, inda malamai ke bin sawun cuta ƙauye-ƙauye, suna ƙididdige wanda ya kamu da wanda ya tsira, har su gano sababinta tun ba ta cika asibiti ba.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tsakanin 1969 da 1976, a gundumar Garki ta Jihar Jigawa ta yanzu, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bahasi mai zurfi kan zazzaɓin cizon sauro, aka fesa magani a ɗakuna, aka raba ƙwayoyi gida-gida, ana auna jinin mutane lokaci bayan lokaci. Cutar ta ja baya ƙwarai, amma ba ta yanke ba, domin wani kaso na sauron a waje yake hutawa inda feshi ba ya cim masa, kuma da aka tsayar da aikin sai ta komo. Har yau masana suna kafa hujja da abin da aka rubuta a Garki.

Abin da ke sosa mana rai shi ne lamarin Zamfara na 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gidaje, alhali ba a farga ba sai da likitocin ƙungiyar MSF, masu sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan mutuwar ƙanana. Da ana rubuta kowace rasuwa tare da sababinta, da la'alla an ceci da yawa daga cikinsu.

Saboda haka muke kira ga kowace makarantar likitanci da ta keɓe gunduma guda ta lazimce ta shekara da shekaru, ta haɗa kai da dagatai da ungozoma da limaman da ke sallatar jana'iza wajen rubuta haihuwa da rasuwa, musamman rasuwar mata a kan gwiwa da masu hawan jini. A fahimtarmu wannan ilmi faralin kifaya ne, kuma ya wajaba Asusun TETFund ya ware masa kaso na dindindin daga kuɗin bincike.